Ɗinka Wandon Gudu da Kanka: Tambayoyi da Amsoshi kan Awo, Tsayi da Yadi

Duk wanda ya saba fita motsa jiki bayan sallar Asuba a Bauchi, ko ta wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, ko titin Jos, ko can Yalwa wajen jami'a, ya san matsalar wando. Na gwanjo mai kyawun yadi gajere ne, da ƙyar yake rufe rabin cinya. Wanda ya kai gwiwa kuma yawanci na ƙwallon kwando ne mai nauyi, ko tiri-kwata na auduga da ke jiƙewa sharkaf tun ba a yi nisa ba. Ni tela ne, ina kuma gudu, shi ya sa tambayoyin nan kan iso gare ni daga abokan motsa jiki, da yaran shago, da masu koyon ɗinki a gida. Awon da ke ciki duk da inci ne, tunda da shi muke aiki. Mai amfani da santimita ya riƙe cewa inci 1 santimita 2.54 ne.

Ga wanduna birjik a kasuwa, me zai sa in wahalar da kaina da ɗinki?

Tsayi ne zai sa. Kamfanonin kayan wasanni kan yanka wandon gudu na maza a kan inci 3, 5, 7, wani lokaci 9, idan an auna daga hantsa zuwa bakin ƙafa. Ko mai inci 9 ɗin, a jikin mutum matsakaici, sama da gwiwa yake tsayawa. Mu kuwa mun tashi da karatun cewa al'aurar namiji tana tsakanin cibiya da gwiwa, kuma mai gudun safe ta cikin unguwa yake ratsawa, yana gaisawa da dattawan da ke dawowa daga masallaci. Ba kowa ne zai iya fita da cinya a waje ba.

Dabarar da samari ke yi ita ce su sayi wanda ya fi ƙarfinsu su zazzago shi ƙasa. Gwiwa ta rufu, amma hantsa ta sauko tsakiyar cinya tana gurzar fata a kowane taku, ƙugu kuma ya bar mazauninsa. Wanda ya ɗinka nasa ba ya shiga wannan cinikin: gwiwa a rufe, hantsa a inda ya kamata.

Idan ana son ƙara tsayi, ba ƙasan wandon kawai za a ƙara ba?

Wando tsayi biyu gare shi, kuma rikita su ne ke lalata yawancin ɗinki. Akwai tsayin ƙafa, daga hantsa zuwa inda wandon ya ƙare. Akwai kuma zurfin wando, daga ƙugu zuwa hantsa. Kowanne da wurin da ake gyara shi, kuma gyaran ɗaya ba ya ɗauke wa ɗayan.

Mutum zai shigo shago ya ce, "Oga, wandon nan ya yi mini gajere." Kafin in taɓa almakashi sai in ce ya sa shi, ya tsuguna, ya miƙe, sannan ya sunkuya irin sunkuyon ruku'u. Idan bayan ƙugun ya zame har tsatso ya bayyana, ko hantsar ta ɗame shi, to zurfi ne ya gaza, kuma ko an ƙara masa inci 5 a ƙafa ba zai daina kai hannu yana jan wandon sama ba. Idan ƙugu ya zauna daram amma gwiwa na waje, ƙafa ce. Sau da yawa duka biyun ne, domin wandunan gudu na waje ana zana su ne su zauna ƙasa da cibiya.

Wane awo zan ɗauka, kuma ta yaya?

Fara da ɗaura igiya ko siririyar roba a inda kake son ƙugun wandon ya zauna. Kada ka cire ta sai ka gama, domin daga gare ta ake lissafa komai. Auna zagayen ƙugu a kan igiyar, sai zagayen mazaunai a inda suka fi cika, sai zagayen cinya a can sama, sai zagayen gwiwa tana lanƙwashe.

Don zurfi, zauna a kan benci ko kujerar katako, ba katifa ko kushin ba, ka miƙe bayanka. A auna ta gefe daga igiyar zuwa saman bencin. Abin da aka samu a ƙara masa kusan inci 1 na sakewa.

Tsayin ƙafa kuma ta ciki ake auna shi. Mai wandon ya riƙe kan tef ɗin a hantsa da hannunsa, tela ya karanta ta ƙasa. Babu buƙatar kai hannu inda bai dace ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne a tsaye ƙyam ake awo, alhali ba a tsaye ake gudu ba. Ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera ka duba yadda tsohon wandonka ke hawa sama. Wannan hawan, inci 1 ne ko 2, dole a ƙara shi a kan awon tsaye, in ba haka ba gwiwar da ta rufu a gaban madubi za ta buɗe a kan titi.

Telolinmu da alli suke zana yadi su yanka. Mene ne amfanin takarda?

Ga riga da wandon shadda, alli da ƙwarewar hannu sun wadatar, domin kayan a sake suke, kuskuren rabin inci ba ya nunawa. Wandon gudu ba haka yake ba. Yadinsa sulɓi gare shi, alli ba ya kama shi sosai, kuma rabin inci a lanƙwasar hantsa shi ne bambancin wandon da za a manta ana sanye da shi da wanda zai saɓule fata. Takardar yanka, wadda ake kira fatan, tana ba ka damar yin gyara a kan abin da ba shi da tsada. Idan ka dace sau ɗaya kuma, ka dace ke nan har takardar ta yage.

Hanya mafi sauƙi ta samun fatan ita ce kwafa daga wandon da zamansa ya yi maka daɗi, ko da gajere ne. Juya shi bai-bai, ka cusa ƙafa ɗaya cikin ɗaya, lanƙwasar hantsa za ta fito fili. Ja robar ƙugun ta miƙe sarai kafin ka zana, wani ya riƙe maka. Zana gaba daban, baya daban. Na baya ya fi faɗi kuma ƙugiyar hantsarsa ta fi tsawo, kada ka yanka su iri ɗaya. Sannan ka ƙara rabin inci na ɗinki a kewaye. Farin kwalin da ɗalibai ke saya, ko bayan tsohuwar kalanda, duk suna yi.

Na sauko da fatan daga intanet, na buga, amma wandon ya fito ƙarami. Me ya faru?

Kusan kullum wajen bugawa ne. Fatan da aka tsara a Amurka kan zo a kan takardarsu mai inci 8.5 da 11, mu kuma A4 muke da ita, sai na'urar ta matse zanen don ya shiga shafi. Ka gaya wa mai shagon kwamfuta ya buga a kan kashi 100 cikin 100, kada ya bari na'ura ta daidaita girman da kanta. A shafin farko akwai ɗan akwati da aka rubuta girmansa. Shi kaɗai za a fara bugawa, ka sa tef ka auna a nan gabansa, in ya yi daidai sannan a buga sauran.

To yaya ake ƙara tsayin ƙafa a jikin takarda?

Shimfiɗa takardar gaba a kan tebur. Za ka ga dogon layi mai kan kibiya daga sama zuwa ƙasa, shi ke nuna yadda za a ɗora takardar a kan tsayin yadi. Idan kai ka kwafi fatan ɗin, ja wannan layin da kanka a tsakiyar ƙafar, a miƙe. Yanzu ja wani layi da zai gitta shi, kamar inci 2 ƙasa da hantsa. Gittawar ta zama a daidaice. Kusurwar littafi mai bango ta isa ta nuna maka. Yanke takardar gida biyu a kan wannan layi.

Ɗauko wata takarda ka ja layuka biyu a jere, tazararsu daidai da abin da kake son ƙarawa, a ce inci 3. Ja layi ɗaya a tsaye ya ratsa su. Manna ɓangaren sama a layin sama, na ƙasa a layin ƙasa, kibiyar kowanne ta hau kan layin tsayen nan. A nan ne hankali ya kamata ya tsaya. Idan ɓangaren ƙasa ya goce gefe ko da rabin inci ne, ƙafar wandon za ta murɗe, ka ga ɗinkin gefe yana juyowa gaban cinya, kuma babu gugar da za ta gyara shi.

Gefunan za su nuna ɗan tsalle a inda aka saka sabuwar takarda. Sa rula ka haɗa su da layi mai santsi, daga sama da wurin yankan zuwa bakin ƙafa. Abin da ka yi wa gaba shi za ka yi wa baya, da duk wani ƙyalle na gefe in akwai, inci 3 ɗin nan dai babu ragi babu ƙari. Daga ƙarshe ɗora gefen gaba a kan gefen baya, cikin ƙafa a kan cikin ƙafa, ka tabbata tsawonsu ya zo ɗaya.

Dalilin yanka ta tsakiya shi ne a bar bakin ƙafar yadda mai zanen ya tsara shi, da lanƙwasarsa da tsagarsa da abin kalmasa. Idan ƙafar a miƙe take sak, bakinta kuma babu wani salo, ƙarin inci 1 ko 2 ta ƙasa ba laifi.

Malam, nawa fatan ɗin mai inci 5 ne, ni kuma 13 nake so. Haka zan buɗa shi da inci 8?

A'a. Ƙarin da ya wuce inci 4 ya zama sabon zanen ƙafa. Gajeren wandon gudu ana buɗa bakinsa ne don cinya ta sake, to in ka bi wannan buɗewar har gwiwa, abin da zai fito kamar siket ne, yana kaɗawa yana harɗe ƙafa.

Riƙe saman fatan ɗin zuwa inci 2 ƙasa da hantsa, ka ajiye sauran. Manna takarda, ka tsawaita layin tsakiyar ƙafa zuwa inci 13 daga hantsa, ka ja layin bakin ƙafa a can. Yanzu kai za ka yanke hukuncin faɗin bakin. Abin da nake yi, ga yadin da ba ya miƙewa, shi ne in ɗauki zagayen cinyar mutum in mai da shi zagayen bakin wando. Mai cinya inci 22 ya sami baki inci 22, gaba 10, baya 12. Raba kowanne biyu, rabi hagu rabi dama da layin tsakiya, sannan ka ja gefuna su sauko su same su. Layin cikin ƙafa ya ɗan lanƙwasa a sama kusa da hantsa kafin ya miƙe.

Ƙara inci 1 na kalmasa. Naɗe takardar a kan layin baki kafin ka yanke gefunan, domin abin kalmasar ya ɗauki siffar ƙafar. In ba haka ba zai gaza faɗi ya tattare ɗinkin.

Irin wannan babban gyara ba a fara shi da yadin kirki. Yanka tsohon zanin gado, ka harhaɗa da manyan ɗinki, ka sa ka ɗan zaga tsakar gida da sassarfa.

Ragewa fa?

Layi ɗaya ne da na ƙari, sai dai a maimakon yanka, naɗewa za ka yi. Ka tuna naɗi ninki biyu yake ci: in inci 2 za ka rage, zurfin naɗin inci 1 ne. Daidaita gefuna, ka yi wa baya haka.

Yaya ake gyara zurfi, musamman bayan da ke zamewa?

Auna fatan ɗin daga layin ƙugu, ban da abin da za a naɗe na roba, zuwa daidai hantsa. Kwatanta da awonka na zaune. In ya gaza, ja layi a gicciye tsakanin ƙugu da hantsa, sama da inda lanƙwasar ta fara, ka yanka ka buɗa kamar yadda aka yi a ƙafa, gaba da baya. Kada ka yanka cikin lanƙwasar kanta.

Akwai kuma wanda gaban wandonsa lafiya lau, bayan ne kawai ke sauka, yawanci mai cikar mazaunai. Shi takardar baya kaɗai za a taɓa. Yanka daga ɗinkin tsakiyar baya zuwa gefe, amma kada ka raba ta, bar ɗan maƙale a gefen. Buɗa ta wajen tsakiya da inci 1, gefen ya zauna yadda yake. Ka ƙara wa baya tsawo ke nan ba tare da ka taɓa ɗinkin gefe ba, don haka zai haɗu da gaba kamar da. Wannan ɗan gyaran na fi yi wa mutane fiye da kowanne, kuma shi ke sa mutum ya iya tsayawa ya yi salla da wandon hankali kwance.

Dogon wando ba zai hana ni gudu ba?

Masu tseren gasa, irin na Legas mai kilomita 42, suna sa gajere ne don kowace daƙiƙa na da daraja a wurinsu. Wanda ke zagayen lafiyar jiki ba zai ji wani bambanci ba muddin yadin marar nauyi ne kuma bakin bai matse ba.

Abin da ke hana gudu shi ne bakin wando ya tsaya cif a kan ƙoƙon gwiwa. Duk ɗaga ƙafa sai ya kama ƙoƙon ya ja. Ko dai ya tsaya sama da shi, ko ya wuce shi da kamar inci 2. Tsaga ta inci 3 a gefe tana ƙara sakewa ƙwarai. Wanda ba ya son tsagar ta nuna fata sai a cike ta da ɗan ƙyalle mai kusurwa uku na yadi mai miƙewa, tsininsa a sama. Ƙafa ta sami hanya, sutura kuma ba ta ragu ba.

Wane yadi ya dace da zafin Bauchi?

Foliyesta marar nauyi, in da hali mai ɗan roba a saƙarsa. Auduga tana da daɗin sawa a zaune, amma tana shan gumi ta riƙe, ta yi nauyi, ta manne a cinya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, wandon auduga jiƙaƙƙe shi ke kawo gurjewar cinya. Shadda kuwa a bar ta wa Juma'a.

Ba kowane foliyesta ba ne kuma. Akwai mai toshewa irin na rigar ruwa, wanda iska ba ta ratsa shi, sai ƙurajen zafi. Gwada a gaban mai shago: kara yadin a baki ka hura, in ka ji iska a tafin hannunka ta ɗaya gefen, yana numfashi. Ɗiga masa ruwa, in ya bazu nan da nan ya fi wanda ruwan ke tsayawa a kansa ƙwal-ƙwal. Sannan ɗaga shi ga rana ka sa hannu a baya. In kana ganin yatsunka tun yadin yana bushe, to da gumi sai abin da ya ƙaru. Masu shirin shiga sansanin bautar ƙasa na Wailo, inda fararen kaya ake sawa, su fi kowa kula da wannan. Farin yadi sai da shafi a ciki.

A zaga Kasuwar Wunti da Santaral, in ba a dace ba a yi saƙo Kantin Kwari a Kano. Amma sau da yawa yadin da ya fi kyau yana cikin dilar gwanjo: dogon wandon motsa jiki marar nauyi, ko babbar rigar ƙwallo. Dogon wandon in zurfinsa ya yi maka, yanke shi kawai za ka yi ƙasa da gwiwa ka kalmashe, ƙugu da aljihu an riga an yi maka.

Yadi nawa zan saya?

Mai faɗin inci 60, yadi ɗaya da rabi ya ishi babban mutum har da aljihu. Ɗora layin kibiya ya bi tsayin yadin, miƙewar yadin kuma ta zagaye jiki. Kada ka karkata takarda don tsimin yadi.

Keken Butterfly na ƙafa gare ni, ba ya zigzag. Zai yi?

Zai yi sarai, in ka zaɓi yadin da ba ya miƙewa ko mai ɗan miƙewa kaɗan. Fara da aljihu, sai gefuna, sai cikin kowace ƙafa. Juya ƙafa ɗaya ka cusa ta cikin ɗayar, fuska da fuska, ka ɗinke hantsa a tafiya ɗaya daga gaba zuwa baya, ka sake bi sau na biyu domin nan ne ke fara yagewa. Sai ƙugu. Kalmasar ƙafa ita ce ƙarshe, bayan an gwada.

Yadi mai miƙewa sosai shi ne matsala, domin miƙaƙƙen ɗinki ba ya miƙewa tare da shi, kana tsugunawa sai ka ji ɓas. Ja yadin kaɗan gaba da baya yayin da kake ɗinki, ka yi layi biyu kusa da juna, ko ka kai wa mai injin wibin ya haɗa maka. Bakin ɗinkin cikin cinya kuma kada a bar shi tsaye. Kwantar da shi gefe ɗaya ka bi ta kai, irin na wandon jins. Gurjewar da ake ɗora wa yadi, sau da yawa tudun ɗinki ne.

Keken yana tsallake ɗinki, yadin kuma yana tattarewa.

Duba allura. Lamba 14 ko 16 da muke ɗinka shadda da ita ta yi wa wannan yadin kauri. Sa sabuwa mai lamba 11. Ga yadi irin na rigar ƙwallo akwai allura mai dasasshen baki, wadda ke ratsa tsakanin zaren saƙa ba ta huda shi ba, ita ke maganin tsallake. Sassauta zaren sama kaɗan, ka yi amfani da zaren foliyesta. In har yanzu yadin yana nutsewa cikin ramin allura, shimfiɗa siririyar takarda a ƙarƙashinsa ka ɗinka tare, in ka gama ka yage ta.

Roba ko mazagi?

Duka biyun. Roba kaɗai tana saki in an sa waya a aljihu, mazagi kaɗai kuma yana shaƙe ciki in numfashi ya hau. Nemi roba mai faɗin inci 1 da rabi, siririya cin fata take yi. Zagaya ta a ƙugunka ka ja har ka ji ta kama ba ta takura ba, yawanci takan gaza awon ƙugu da inci 2 zuwa 3, ka bar inci 1 na haɗawa. Bayan ka zura ta, ɗinke ta a tsaye a gefuna biyu da tsakiyar baya don kada ta naɗe a ciki. Ramukan mazagi a yi su ta ciki, a manna ɗan gam, wato ƙyallen da teloli ke mannawa don ƙara wa yadi ƙarfi, a wurin kafin a huda.

Abu ɗaya da sababbin hannu ke mantawa: wandon ta mazaunai zai wuce kafin ya kai ƙugu. Faɗin yadin ƙugu, kafin a sa roba, kada ya gaza zagayen mazaunai.

Ina son mai hawa biyu, matsattse a ciki, sakakke a waje.

Shi na fi so ga mai cinyoyin da ke haɗuwa, domin na cikin ne ke ɗaukar gugar, fata ta huta. Na ciki sai yadi mai miƙewa ta kowane ɓangare, a yanka shi ƙasa da awon jiki da kamar kashi 10 cikin 100. Wajen tsayi a ƙara masa inci 1 a kan abin da aka auna, domin irin wannan yadi in ya buɗe a faɗi sai ya ragu a tsayi. Wasu kan bar na wajen gajere su dogara da na ciki ya rufe gwiwa. Ni dai ina ganin matsattsen yadi yana rufe fata ne amma yana fitar da siffa, don haka nakan sauko da na wajen shi ma. A haɗa su biyun a ƙugu kawai, ƙafafun kowanne su zauna daban.

Ina zan sa waya?

Ba a aljihun gefe ba, can tana lilo tana dukan cinya tana jan wando ƙasa. Yi mata aljihu mai zif a tsakiyar baya dab da roba, ko a jikin matsattsen na ciki ta gefen cinya, daidai girmanta. In ka ƙara zurfin wando, duba bakin aljihun gefe bai sauka ya yi wa hannu nisa ba. Mai fita da duhun asuba kuma, musamman da hunturu in hazo ya sauka, ya ɗinka ɗan ƙyalle mai ƙyalli a bayan ƙafafu don masu babur da Keke Napep su hango shi.

Malam, mu mata fa?

'Yar'uwa, hanyar yanka da buɗa takarda ɗaya ce, amma kada ki ja fatan ɗin gajeren wando har idon sawu. Fara da na dogon wando, ki raba ƙarin gida biyu, rabi sama da gwiwa rabi ƙasa da ita, don gwiwar wandon ta zauna a kan taki. Ki kula da zurfin baya sosai, gyaran nan na buɗa tsakiyar baya mata sun fi buƙatarsa. Sa roba a bakin ƙafa don kada ya shiga ƙarƙashin takalmi, ki ɗinka doguwar riga mai tsaga a gefe daga yadi iri ɗaya. Na yara kuma a bar musu kalmasa mai inci 2, baɗi a warware a sauke.

Na riga na sayi gajere mai tsada. Akwai yadda za a cece shi?

In zurfinsa ya yi, akwai. Warware kalmasar, za ka sami kusan inci 1. Sauran a cike da wani yadi mai nauyi iri ɗaya, a yanka shi da tsayin abin da ake so haɗe da na ɗinki da na kalmasa, a zagaya shi a bakin kowace ƙafa. Kada ka wahala neman launi iri ɗaya, ba za ka samu ba, kuma wanda ya kusa kama ya fi nuna faci. Zaɓi wani launi daban, baƙi a kan shuɗi misali, sai ya zama ado. In zurfi ne ya gaza, sai an cire robar an ɗora sabon ƙugu daban a sama, aikin da ya kusa kai ɗinka sabo.

Yaya zan wanke shi ya daɗe?

Wanke shi ranar da ka yi gudu, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Gumin da ya kwana a foliyesta wari yake bari. Kada Hypo ta taɓa shi, tana cinye robar da ke cikin saƙar. Shanya a inuwa, bai-bai, zai bushe da wuri. Ba ya buƙatar guga, kuma in za ka ba mai wanki, ka gaya masa da baki kada ya ɗora masa dutsen gawayi, nan take yake narkewa. In kalmasa ce ta ƙi kwanciya, shimfiɗa ƙyallen auduga a kai ka danna da dutse mai ɗumi kaɗan.